Ƙarin Da Ya Fito Wa Kawuna A Ƙeya

 Abin da zan yi magana a kansa bana ba ya cikin manhajarmu, ban kuma taɓa jin an tambaye shi a jarrabawa ba. Ni ma da bai shigo gidanmu ba, da har yau ban san da shi ba. Wani irin ƙari ne, watau tsiro, da ke fitowa a cikin ƙwaƙwalwa ko a cikin lakar baya. Likitoci na kiransa hemanjiyobilastoma. Kada nauyin sunan ya kore ku, ni ma kwana uku na yi ina maimaita shi kafin ya zauna mini a baki. Na nemi izinin kawuna kafin in ɗauki alƙalami, ya ce in rubuta, amma kada in sa sunansa.

Kawun nan nawa ƙanen mahaifiyata ne, tela ne, shekarunsa 31. A dogon hutun bara na kan zauna a shagonsa ina taya shi guga da sa maɓalli. Ran nan ya ɗauki zare zai zura a allura, ya kai hannu har sau biyar yana kuskurewa. Mutumin da ke zura zare ko da almuru ba fitila! Ya yi dariya, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗan boko, zura mini, tsufa ya zo." Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Bayan 'yan makonni sai ciwon kai ya sa shi gaba, a ƙeya, ya fi tsanani da asuba, wani lokaci har da amai tun bai karya kumallo ba. Aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, aka sha. Aka ce taifot ne, aka sha nasa. Daga nan sai tafiyarsa ta sāke, yana buɗe ƙafafu yana tangaɗi, yana karkata wajen dama kamar mai neman bango.

Wannan tangaɗin shi ya fi komai yi mana ciwo, domin mutanen unguwa ba su rasa abin faɗi ba. Wasu suka ce ya fara shaye-shaye, wasu suka ce jifa aka yi masa saboda shagonsa na ciniki. Har wani da ya kawo ɗinkin salla ya dawo ya karɓe yadinsa. Kawu kuwa ko goro ba ya ci.

Da abin ya ƙi, aka kai shi babban asibiti. Ni na riƙe masa jaka, don haka na ga abin da likita ya yi. Bai fara da wata na'ura ba. Ya ce wa Kawu ya taɓa hancinsa da ɗan yatsa, sa'an nan ya taɓa yatsan likita, ya yi ta maimaitawa. Da hannun hagu ya yi daidai. Da hannun dama kuwa sai yatsan ya kama rawa yana wuce wurin. Ya sa shi tafiya a kan layi ɗaya, diddige na taɓa yatsu, bai yi taku uku ba sai da na tare shi. Sa'an nan ya haska cikin idanunsa da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa, ya ajiye ta ya ce a je a ɗauki hoton kai a ranar, kada a bari sai gobe.

Don ku gane abin da likitan ya gani, sai mun koma ajin Bayoloji kaɗan. A bayan kai, daidai ƙeya, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama. Girmanta bai wuce kashi 1 cikin 10 na dukan ƙwaƙwalwa ba, amma fiye da rabin sel na jijiya da ke cikin ƙwaƙwalwa a nan su ke. Sel kuwa, in kun tuna, su ne ƙananan tubalan da aka gina jiki da su. Aikin wannan ƙaramar ƙwaƙwalwa shi ne daidaita motsi. Babbar ce ke cewa a kai hannu, ita kuwa ƙaramar ke auna nisan da saurin, ta tsayar da hannun daidai inda ake so. Ita ke sa ka hau keke ba ka tunanin faɗuwa, ita ke sa loma ta sami baki cikin duhu. Giya ma wannan wurin ta ke dagulawa, shi ya sa mai ƙari a nan ke tafiya tamkar mashayi. Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne, babbar ƙwaƙwalwa ɓarin hagunta ke mulkin ɓarin dama na jiki, amma ita ƙaramar kowane ɓari nasa gefen ya ke kula da shi. Da likita ya ga hannun dama ne ke rawa, ya riga ya san a dama zai sami abin, tun hoto bai fito ba. Haka kuwa aka yi.

Da aka kawo hoton MRI, likita ya ɗaga shi ya nuna mana wani abu mai kama da jaka cike da ruwa, girmansa kamar ƙwan zabuwa, a jikin bangonsa kuma ga wani ɗan ƙullutu fari fat, bai fi gujiya ba. Ya ce wannan ɗan ƙullutun shi ne ƙarin, kuma bisa ga dukan alamu ba kansa ba ne. Mahaifiyata ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe da sauƙi. Sai a ba mu magani mu tafi gida." Likita ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, aiki za a yi masa, cikin makon nan kuwa."

Wannan magana ta daure mini kai ƙwarai, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Yaya za a ce abu ba kansa ba ne, sa'an nan a ce zai iya kisa? Ga yadda abin ya ke. In likitoci sun ce ƙari ba mugu ba ne, nufinsu ba ya cin naman da ke kewaye da shi, ba ya bin jini ya je ya yi 'ya'ya a huhu ko hanta, kuma girmansa a hankali ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ƙarin ƙwaƙwalwa daraja 4, wannan yana daraja ta 1, mafi sauƙi. Da a cinya irin wannan ya fito, da mutum sai ya shekara goma da shi yana harkarsa. Amma kai ba cinya ba ne. Ku tuna da akwatin ƙarfen da kowannenmu ke zuwa da shi ranar dawowa hutu. Inna ta shirya shi maƙil, sa'an nan ka ce sai ka cusa takalmin ƙwallo. Akwatin ba zai buɗa ba, sai dai ƙuliƙuli da biskit su farfashe. To, ƙoƙon kan babban mutum haka ya ke, ba ya miƙewa. Abu uku ne a ciki, ƙwaƙwalwa da jini da ruwa, sun cika shi. Duk baƙon da ya shigo, ko mai ladabi ne, a kan wani zai zauna.

Ƙeya kuwa ita ce lungu mafi ƙunci a cikin akwatin. Ƙwaƙwalwa na yin wani ruwa garai-garai wanda ke kewaya ta da laka, kusan rabin lita kowace rana, alhali abin da wurin ke ɗauka a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. Ke nan dole ruwan ya riƙa wucewa kullum. Hanyarsa kuwa 'yar siririya ce, ta bi ta gaban ƙaramar ƙwaƙwalwa. In ƙari ya danne ta, sai ruwa ya taru a sama kamar an toshe magudana da damina. Wannan ne ke kawo ciwon kan asuba da amai, shi ne kuma ke kumbura jijiyar gani, abin da likita ya hango da fitilarsa. Gaba kaɗan da nan kuma akwai tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. In matsi ya kai can, magana ta ƙare.

Shi ƙarin kansa, tarin ƙananan jijiyoyin jini ne cunkus, da waɗansu sel masu kitse a tsakaninsu, waɗanda su ne ainihin masu laifin. Launinsa ja ne saboda yawan jini. Jijiyoyin nan ba su da ƙwari, suna yoyo, ruwan da ke tsatsowa daga cikinsu shi ke taruwa ya zama jakar nan. Sau da yawa jakar ta fi ƙarin girma nesa, kuma ita ce ke saurin cika ta kawo matsi. Girman ƙarin ma ba a jere ya ke ba. Ya kan yi shekaru shiru, sa'an nan ya motsa, ya sake kwantawa. Ba shi da yawa a cikin jama'a: a cikin kowane ƙari 100 da ake samu a cikin kai, kamar 2 ne kawai irinsa. Ya fi son ƙaramar ƙwaƙwalwa, sai laka, sai tushen ƙwaƙwalwa, ya kan kuma fito a bayan ido, a tantanin da ke ɗaukar hoton abin da mu ke gani.

In a laka ya fito, labarin dabam ne. Laka kaurinta bai fi ɗan yatsa ba, tana cikin ramin ƙashin baya, dukan saƙon da ke tsakanin kai da gaɓoɓi ta nan ya ke bi. Mai shi zai ji ciwon baya ko na wuya, hannu ko ƙafa su riƙa mutuwa, ƙarfi ya ragu, wani har riƙe fitsari ya gagare shi. A nan ma ruwa kan taru, ya yi dogon rami a tsakiyar lakar.

Aikin Kawu ya ci sa'o'i da yawa, ya kuma ci gonar da suka gāda. An nemi mu kawo masu ba da jini tun kafin a shiga, domin ƙari ne mai jini. Daga baya ƙaramin likita ya yi mini bayani, da ya ga ina yawan tambaya. Ta ƙeya ake shiga, a buɗe ƙashi kaɗan, a yi aiki da madubin ƙara girma. Ba a yanka ƙarin gunduwa-gunduwa yadda ake yi wa waɗansu, domin jini zai ɓalle. Sai a bi gefensa a hankali ana ƙone jijiyoyin da ke shayar da shi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a ɗauke shi ɗungurungum. Jakar ruwan kuwa ba a damu da cire bangonta ba, da zarar an raba ta da mai cika ta sai ta motse da kanta. In an cire shi duka, da wuya ya sake fitowa a wurin. Waɗanda ke wurin da wuƙa ba ta kai wa cikin sauƙi, in ƙanana ne, akan harbe su da haske mai ƙarfi daga waje. Waɗanda kuma ba su dami mai su ba, akan bar su ana ɗaukar hoto lokaci lokaci. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1962 Dokta E. Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, yau kuwa ana yin ta a manyan asibitocin Arewa ma.

Mun ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Kafin a sallame shi, likita ya zaunar da mahaifiyata ya tambaye ta ko a danginsu akwai wanda ya makance yana saurayi, ko wanda ciwon ƙoda ya kashe. Ta yi shiru, can ta ce mahaifinsu ido ɗaya gare shi tun tana yarinya, ya kuma rasu bai kai hamsin ba, yana fitsarin jini. Sai aka tura Kawu wurin likitan ido. Aka sami wani ɗan mitsitsin ƙari irin wancan a bayan idonsa na hagu, shi bai ma san da shi ba. Aka ƙone shi da hasken leza.

Ga abin da wannan ke nufi. A cikin masu wannan ƙari, kamar 3 cikin 4 haka kawai ya ke fito musu, guda ɗaya, yawanci bayan sun ba arba'in baya, ba su gāda ba, ba kuma za su gadar ba. Sauran 1 cikin 4 kuwa suna ɗauke da wata cutar gādo da ake kira von Hippel-Lindau, a taƙaice VHL, wadda ke samun kamar mutum 1 cikin 36,000. Su nasu ya kan zo da wuri, ya kan zo fiye da ɗaya, kuma cutar ba ta tsaya a kai ba. Ta kan kawo kansar ƙoda, da ƙari a 'yar halittar da ke bisa ƙoda wanda ke hauhawar da jini, da jakunkunan ruwa a cikin ciki, da ƙari a can cikin kunne. Sunan na mutum biyu ne. Eugen von Hippel likitan ido ne Bajamushe, ya bayyana na ido a 1904. Arvid Lindau, mutumin Suwidin, shi ya lura a 1926 cewa na ido da na ƙeya tafiyarsu ɗaya. Sunan hemanjiyobilastoma kuwa Harvey Cushing da Percival Bailey suka raɗa shi a Amurka a 1928.

Malaminmu na Bayoloji, Allah ya saka masa da alheri, ya ba ni yammaci biyu yana warware mini yadda cutar ke aiki, kuma a ganina nan ne wurin da ya fi daɗin sani. Kowane sel a jikinmu na bukatar iskar oksijin, jini ke kawo masa. A cikin sel akwai wani furotin da ake kira HIF, ku ɗauke shi kamar sanƙira. In iska ta yi ƙaranci sai ya fita yana shela: a gina sababbin hanyoyin jini, a ƙara jajayen ƙwayoyin jini! Wannan abu ne mai amfani, shi ke taimakon wanda ya hau dutse mai tsawo ko ya yi asarar jini. Amma in iska ta wadata, akwai dogarin da ke kama sanƙiran nan ya miƙa shi a rushe shi. Dogarin shi ne furotin na VHL. To, in dogari ya mutu fa? Sai sanƙira ya yi ta shela dare da rana, ga iska a wadace amma sel na ihun yana shaƙewa, jiki kuwa ya yi ta gina jijiyoyin da ba a bukata. Tarin jijiyoyin nan shi ne ƙarin. Shi ya sa ma waɗansu masu shi, in an auna jininsu, sai a ga ya yi yawa fiye da kima.

Ƙwayar gādon da ke yin dogarin tana kan kuromosom na 3, an gano ta a 1993. Kowa na da guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma guda ɗaya mai lafiya ta isa aiki. Wanda bai gāji cutar ba, sai duka biyun sun lalace a cikin sel guda kafin ƙari ya tashi, abin da ba kasafai ya ke faruwa ba. Wanda ya gāda kuwa, an haife shi da ɗaya a lalace a kowane sel na jikinsa, kamar direban da ya kama hanya ba safaya. Faci ɗaya ya ishe shi. Mutum uku da suka warware wannan al'amari na yadda sel ke gane yawan iska, William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza, sun sami kyautar Nobel a 2019. Daga wannan ilmi aka yi wani magani, belzutifan, wanda ke toshe bakin sanƙiran. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021 domin masu cutar VHL da ba su bukatar aiki nan take. Ya kan rage girman ƙarin, amma yana rage jini, yana cutar da ɗan tayi, tsadarsa kuwa ba a magana.

Ina roƙon iyayenmu su lura da wani bambanci, domin a gidanmu ma an yi ta gardama a kansa. Wata gwaggo ta ce auren zumunci ne ya jawo. Ba haka ba ne. Sikila ce sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita kafin ta bayyana ga ɗa. Wannan kuwa ɗaya daga cikin iyaye ya isa, kuma kowane ɗa da aka haifa, namiji ko mace, rabi da rabi ne, kamar jefa kwabo. Akwai ma waɗanda a kansu ta ke farawa, kamar 1 cikin 5, iyayensu lafiya lau. Ba a ɗaukarta wurin cin abinci ko zama tare. Abin da ake nema ga dangin mai ita shi ne a riƙa duba su a kai a kai, ido tun suna yara, sa'an nan awon jini da hoton ciki da na kai yayin da suka tasa, domin wanda aka kama yana ƙarami, kamar na idon Kawu, ba ya kai ga makanta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan gemun ma tushensu ɗaya.

'Yan'uwana kuma, kada gobe mu cika disfensare kowa na dafe da ƙeya don gudun aikin gona. Ciwon kai dubu ba a sami ƙari a ɗaya ba. Yunwa ce, ko rana, ko zazzaɓi, ko karatun dare. Wanda ake tsoro shi ne mai ƙaruwa mako bayan mako, mai tashin mutum da asuba da amai, wanda ya haɗu da tangaɗi ko ganin abu biyu-biyu ko hannu ya daina bin umurni.

Da na dawo makaranta muka shiga darasin yiwuwa a Lissafi, sai na sami kaina ina lissafin gidanmu a bayan littafi. Mahaifiyata rabi, ni kuma rabin rabi, watau 1 cikin 4. Ban taɓa jin lissafi ya yi mini nauyi kamar ran nan ba. An duba idanunta da ƙodarta a watan jiya, ba a ga komai ba, likita ya ce wannan alama ce mai kyau ga mai shekarunta, amma awon ƙwayar gādo ne kaɗai zai yanke magana, ana nan ana tara kuɗinsa. Ni da ƙannena biyu an ba mu rana a hutu mai zuwa. An ce za a ɗiga mana wani magani a ido wanda zai hana mu karatu na 'yan sa'o'i, ƙanena har murna ya ke yi.

Kawu ya koma shago. Akwai tabo a ƙeyarsa wanda hula ke rufewa, kuma zai riƙa komawa asibiti ana ɗaukar hotonsa muddin ransa. Mutumin nan da ya karɓe yadinsa ya dawo da wani. Wandon makarantar da ke jikina yanzu shi ya ɗinka mini, ina zaune a gefensa ya zura zaren, a karo na biyu ya shiga.